Shanun da Yaya Lawal ya yi kiwo a aji

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Yaya Lawal. Ni ce auta a gidanmu, a hannunsa na tashi, don haka duk yabon da zan yi masa ku rage wani abu, ƙanwa ba ta iya awo daidai.

Malamin firamare ne a Babban Mutum, a shekarun da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Malamai suka sayi babura da rediyo, azuzuwa suka cika har gindin bishiya. Cikin yaran da aka tattaro akwai 'ya'yan makiyaya da ba su taɓa zama wuri ɗaya daga safe zuwa azahar ba. Ɗayansu Buba ne, ajinmu ɗaya. In ransa ya ɓaci sai ya yi ta kuka yana jifa da duk abin da ya samu, ya ciji wanda ya riƙe shi. Bulala ba ta ƙara masa komai ba sai taurin kai. Hedimasta ya ce in ya kuma zai kore shi, mahaifin Buba kuwa da ma dalili yake nema ya mai da shi kiwo.

Ai kuwa ya kuma. Muna leƙe ta taga, Yaya ya fita da shi gindin darbejiya, ya tsuguna daidai tsawonsa. Bai tambaye shi laifinsa ba. Cewa ya yi, "Buba, cikin shanunku wacce ke shiga gaba in an fita kiwo?"

Yaron yana shessheƙa ya ce Fara. Wacce ke bin ta? Mai karyayyen ƙaho. Haka suka bi garken saniya bayan saniya, kafin su kai kan maruƙa numfashinsa ya dawo daidai. Sai a lokacin ya faɗi abin da ke cin sa: ashe yara ke ce masa yana tsamin nono. Yaya ya ba shi ruwan randa ya wanke fuska, suka koma aji, masu tsokana suka ji nasu.

Abokan aikinsa suka sa masa suna Malam mai kiwo a aji, suka ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ya ce ai yaro ba ƙarfe ba ne. Ya roƙi hedimasta ya ƙara wa Buba zango ɗaya, ba a kuma sake zancen kora ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me zai ce da ya ga makarantun yau, yara sun fi na da yawa, malamai sun fi na da gajiya. Tsorona shi ne an binne dabarar tare da shi. Bara kuwa jikana Sadiku ya fara irin na Buba a wata makaranta a Daura, har uwarsa ta fara zancen cire shi. Na je makarantar da kaina. Na tarar da malamarsu a tsugune gabansa, tana tambayarsa cikin tantabarunsa wacce ke riga fita da safe, shi kuma yana lissafa mata yana share hanci.

Na ce, "'Yata, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Mahaifina ne, Hajiya. Ya ce shi da shanu aka yi masa."

Ban tambayi sunansa ba sai da na nemi wuri na zauna. Buba ne. Sadiku yana nan a ajinta har yau, na kuma daina fargabar safiyar tafiyarsa makaranta.

Yaya bai bar mana gadon gida ba, babur ɗinsa ma tun yana raye aka sayar. Tambaya ɗaya ya bari, ga ta ta zagayo ta iske jikana a ranar da yake bukatarta. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya wa yara zuciya.