Na Yi wa Wanda Ya Cuci Ɗiyata Guɗa

A lokacin ni ce mai guɗar garinmu, wani ƙauye a hanyar Zuru zuwa Wasagu. Mijina soja ne, ya rasu ya bar ni da ɗiya ɗaya. Ba yabon kai ba, in na toshe hanci na rangaɗa guɗa, har masu noma a kan dutse sun san muryata ce.

Ɗiyata tana sakandare wani ɗan kwangila, aminin sarkin garinmu, ya yi mata fyaɗe. Mun sha wuya kafin kotu ta ɗaure shi. A gaban alƙali aka karanta cewa sarki ne ya tsaya masa beli, daga baya ma ya riƙa kai masa ziyara gidan yari. Da na yi ƙorafi, dattawa suka ce in rufe bakina, ba a ja da fada. Na haɗiye, don a ƙasar sarkin gonata take.

Bara aka aiko in zo naɗin sarauta. Ban tambayi ko wa za a naɗa ba, wa ke tambayar fada? Na iske fadawa sun kare mutumin da manyan rigunansu ana naɗa masa rawani. Suna janyewa na saki guɗa iya ƙarfina, rawanin ya rufe masa baki da hanci, idanu kaɗai ake gani. Sai da ya sassauta shi zai yi godiya na gane ɗan kwangilar nan ne. Wayyo ni! Ashe ya fito ban ji ba. Sarki ya kama hannunsa ya ɗaga, aka ɗauki hoton da yanzu ke rataye a shagunan garin.

Ɗiyata na gida tana daka ta jiyo muryata, maƙwabciya kuma ta faɗa mata wanda aka naɗa. Da na dawo ko kuka ba ta yi ba. Cewa ta yi ta san ban sani ba, amma duk gari ya ji uwarta ta yi murna, to wa zai ƙara yarda an cuce ta? Washegari ta koma Sakaba wurin gwaggonta. In na kira ta, gaisuwa kawai muke yi.

Ina jin haushin sarki, amma wallahi na fi jin haushin kaina. Tun ranar belin ya nuna mini inda ya tsaya, na ci gaba da amsa kiransa. 'Yan'uwana mata, in babba ya rungumi wanda ya cuci ɗanku, kada ku ce ladabi ne ku ci gaba da zuwa ƙofarsa. Gonar da na ji tsoron rasawa tana nan, ni kaɗai nake nome ta.