Muryar da Ta Dushe

Yayana direban babbar mota ne, kuma a tashar da suke lodi ba kowa ya san sunansa na gaskiya ba. Mai Kunne ake ce masa. Tun yana da ƙuruciyarsa, in mota ta shigo yana zaune a benci da kofin shayi, ko ɗaga kai ba ya yi zai ce wa direbanta ya je a duba masa famfon mai, ko ya ce bel ɗinsa ya kusa tsinkewa. Mutum ya ji haushi, ya tafi gareji, ya dawo yana sosa ƙeya. Shi kuwa sai ya bi bencin da kallo ya ga ko kowa ya shaida. Yaya akwai son yabo, wannan kam ko a gabansa zan faɗa.

Motarsa tsohuwa ce, amma ba ta san wulaƙanci ba. Abu ɗaya ne matacce a jikinta, agogon nan na gaban sitiyari mai nuna yawan juyin inji. Ya tsaya tun 'yarsa ta fari tana goye, yanzu ga shi ita ma tana goyon nata, bai taɓa gyara shi ba. Cewa yake agogo na 'yan koyo ne. Inji magana yake yi, in yana son giya zai faɗa, in ya gaji zai faɗa, sai dai in direban ne ba ya ji.

Ni kayan roba nake sayarwa, bokitai da kujeru da kwanduna, shi ya sa nakan bi shi in zan je saro kaya. A gidan gaba doka ɗaya ce: in an tunkari hawa, ba a magana. Zai karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa, hannunsa a kan giya, ya jira, ya jira, sannan ya sauya ba tare da ruwan da ke gorata ya motsa ba. Ina tsokanarsa, ina ce masa da yana sauraron matarsa rabin haka da ta yi ƙiba. Amma a raina ina alfahari da shi.

Bara ne ya fara ƙorafi. Wai muryar motar ta dushe. Ta koma shan baƙin mai kamar ruwa, bututun salansarta na fitar da shuɗin hayaƙi, ga zafi da take ɗauka tun kafin rana ta ɗaga. Duk wannan gaskiya ne, kowa na gani. Sai dai a gida akwai wata gaskiyar da kowa ya sani ban da shi. Rediyonsa har maƙwabta suke jin labarai kyauta. Matarsa sai ta zo gabansa ta tsaya kafin ya san ana kiransa cin abinci. In jikokinsa suka gaishe shi bai amsa ba, sai ya ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki. Wanzami ba ya son jarfa, ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa masa.

A tafiyarmu ta ƙarshe da tsohon injin, muna kan dogon hawa da kaya maƙil, inji na ihu har haƙorana na kaɗawa, shi kuwa sai ƙara danna totur yake, yana girgiza kai. Ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Ba ta da murya." Na buɗe baki, sai na tuna a hawa muke.

Da muka dawo aka kai ta garejin Gajere, bakaniken da suka taso tare. Aka sauke inji, aka buɗe cikinsa, magana ta rabu gida biyu. Ko dai a yi masa garambawul, a sa sababbin fistin da ringi a mayar da shi, ko kuwa a sayo injin gwanjo mai sauran ƙarfi a ɗora. 'Yan tasha suka samu abin yi, kowa ya zama gwani, har mai shayi ya ba da tasa shawarar. Yaya bai saurari kowa ba, wanda dama ba abu ne mai wuya a gare shi ba. Ya ce garambawul za a yi. Da tsohuwar zuma ake magani, injin gwanjo kuma ba ka san hannun da ya ci zalinsa ba. Gajere ya yarda gangar jikin injin lafiya take, zai ɗauki gyara.

Washegari da safe sai ga Gajere a shagona, yana ta juya wani bokiti kamar zai saya. Daga ƙarshe ya ajiye, ya ce shi zai iya mayar da injin nan sabo, amma in aka ci gaba da tuƙa shi yadda ake yi yanzu, ba zai kai baɗi ba, kuma tsoronsa kada ya buga a tsakiyar hawa da kaya a baya. Ya ce Yaya danna totur yake har sai ya ji ƙarar da ya saba ji, kafin ƙarar ta isa kunnensa kuwa inji ya riga ya wuce ƙa'ida. Shi ba zai iya faɗa masa ba, ni ce kaɗai Yaya ba ya iya yi wa dogon fushi.

Na rufe shago na bi shi. Na san maganar nan ta wuce ta inji. Matarsa ta daɗe tana son ya ajiye makulli ya zauna, kuma na san Yaya: ranar da ya sauka daga motar nan, bencin tasha zai cinye shi da ransa.

Muka same shi tsugune gaban fistin ɗin da aka jera a kan buhu. Gajere ya ɗauki ɗaya ya nuna masa inda ya ƙone, ya ce wannan ba tsufa ne kaɗai ba, duka ne. Yaya ya miƙe yana huci, ya ce ba wanda yake taɓa motarsa sai shi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zo gabansa na tsaya yadda zai ga bakina.

"Yaya, muryarta tana nan. Har ta fi da ƙarfi. Kai ne ba ka jin ta."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dubi Gajere, Gajere ya dubi ƙasa. Sai ya juya ya hau gidan gaban motar da ba inji a cikinta, ya rufe ƙofa, ya ɗora hannuwa a kan sitiyari. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Muka zauna a kan tsohuwar taya muna jira.

Da ya sauko, fuskarsa irin ta ranar lodi ce. Ya ce wa Gajere ya nemo injin gwanjo mai kyau, ya kuma sa sabon agogo mai manyan lambobi. Gajere ya tuna masa cewa tsohon zai gyaru, agogon kaɗai ya isa.

"Na sani," in ji Yaya. "Amma in dai shi ne a ƙarƙashina, ba zan kalli agogo ba. Jiran maganarsa zan riƙa yi. Kawo mini baƙo wanda ban san muryarsa ba, dole in koye shi da ido."

Haka aka yi. Ya yarda ma muka je asibiti aka sa masa na'urar ji, don ya riƙa jin odar motocin baya. Yana jin mutane da ita, amma ya ce ƙarar inji kam duk ɗaya ta zame masa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Tsohon injin bai yarda a sayar wa 'yan gwangwan ba, ya sa Gajere ya yi masa garambawul ya sayar wa direban da zai kula da shi. Shi kuma Yaya ya yi ta zagaye bayan gari da mota ba kaya, idonsa a kan allurar agogo, yana kuskure yana gyarawa, 'yan tasha na yi masa tsiya yana ramawa.

Ranar da ya fara ɗaukar kaya na bi shi. Muka tunkari hawa, ya saita idonsa, allura ta kai inda Gajere ya nuna masa, ya sauya giya lafiya lau. Da muka kai sama ya saki ajiyar zuciya, na tambaye shi yadda ya ji sabon injin.

Ya juyo ya dube ni, hannunsa a kan sitiyari.

"Ke za ki faɗa mini, ƙanwata. Yana da daɗin murya?"