Jiran hoton cikin mahaifina

Shekarun baya, ciwon ciki ya matsa wa mahaifina har ya daina zuwa garkarsa ta tattasai a Jiratawa. Na ɗauko shi na kawo gidana nan Sabon Gari. Da na kai shi asibiti, likita ya danna gefen damansa, tsoho ya zabura, sai ya ce ba zai ba da magani ba sai an yi eko, hoton nan da ake leƙa cikin mutum da shi. Sharaɗi guda: ya zo bai ci komai ba.

Zuwan farko aka ce na'ura ta lalace. Muka koma, aka ce mai aikin ya tafi Yamai. Muka sake komawa, babu wuta. Baba kuwa kullum ƙara ramewa yake, idonsa ya fara yin ɗorawa. Ni dai zuciyata ta ƙi yarda. Ina zaune kan benci ina lura da wa ya shiga, wa ya fito, wa ya gaisa da mai gadin ƙofa da fara'a fiye da kima. Wata mata daga Tsibiri da muke layi tare ta raɗa mini cewa da gangan suke yi don mutane su gaji su tafi kilinik, asibitin kuɗi. Ban san ko gaskiya ba ce, amma na riƙe maganar kamar ni na gani da idona.

Ranar da komai ya daidaita, aka kira Baba ya shiga. Ban gama gyara zama ba sai ga shi ya fito. Wata ma'aikaciyar ɗakin hoton ta ce mu dawo wani makon, ba ta ko dube ni ba. Makon ya zagayo, haka aka sake yi. Wannan karon na hango ta sunkuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, suna ganina suka yi shiru.

Nan fa hankalina ya tashi. Na ce lallai sun ga mugun abu suna ɓoye mini. Na bi ta har ƙarƙashin bishiyar da take ajiye babur, na tare ta kamar wata ƴar sanda.

"Madam, don Allah ki gaya mini gaskiya. Me kuka gani?"

Ta ce, "Hajiya, ba mu ga komai ba, don ba mu duba ba. Tsohonki da koko a cikinsa yake zuwa. Shi da bakinsa yake faɗa, ya kuma roƙe ni kar ki ji."

Ashe in na shiga wanka da safe, Baba lallaɓawa yake wajen mai koko ta bakin layinmu.

A gida na zauna gabansa. "Baba, me ya sa?"

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, maƙwabcina na garka da ƙafarsa ya je aka yi mishi hoton nan. Tun da aka faɗa mishi abin da ke cikinsa bai ƙara tashi ba. Da suka yi ta maida mu, daɗi na ji."

Ban yi faɗa ba, kuka na yi. Kukan ne ya sa ya yarda. Ya kwana da yunwa, na tsare shi har asibiti, muka tarar na'ura ta sake tsayawa. Baba ya yi dariya har ya riƙe gefensa.

Daga baya dai aka yi hoton. Tsakuwa ce a matsarmama, ta riga ta kumbura, sai da aka yi masa aiki. Likita ya ce da an gani da wuri da bai sha wannan wuyar ba. Ya warke, alhamdu lillahi, har ya koma garka.

Har yau ban san wane jinkiri ne ya fi cutar da shi ba, nasu ko nasa. In aka ce mini na'ura ta lalace, ina dai jinjina kai ne, zuciyata ba ta kwantawa. Amma yanzu in zan raka marar lafiya, kafin in tsare ma'aikata da tambaya, shi nake fara zaunarwa in tambaye shi abin da yake tsoro.