Mahaifiyata a Bayan Gwamnoni

Shekarun baya, lokacin da aka yanko jihar Taraba daga Gongola, mahaifina yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Yola aka kawo Jalingo. Akawu ne a wani ƙaramin ofishin gwamnati. Muka taho mu biyu, ni da shi, a bayan motar kaya, muka kama ɗaki a unguwar Nukkai. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba, kuma duk duniya hotonta ɗaya ne ya rage mana, cikin wani babban firam mai gilashi. Tun daga Yola har Jalingo a cinyata na riƙo shi. Ban san fuskarta a ko'ina ba sai a nan.

Jalingon wancan lokaci ba ta shirya wa zama babban birnin jiha ba. Ofisoshi babu kujeru, wasu ma'aikatan a kan teburinsu suke kwana. Ana cikin haka umarni ya zo cewa kowane ofis ya rataya hoton gwamnan soja kafin ya kewayo duba ma'aikatu. Hoton ya iso, firam babu, an zaga kasuwa ba a samu mai girmansa ba. Mahaifina, mutumin da bai iya ganin ana neman abu yana da shi ya yi shiru ba, ya ce yana da ɗaya a gida.

Da ya buɗe zai cire hoton mahaifiyata, sai ya tarar mai hoton Yola ya manne shi da gam a jikin siririn katakon baya. Ya ɗan ja gefe, takardar ta fara yagewa, ya saki da sauri. Sai ya ɗora hoton gwamna a kan nata, ya rufe.

"Uwata, aro ne," ya ce da ni, don haka yake kirana. "Gwamna na wucewa zan dawo miki da ita."

Gwamna ya zo ya wuce. Kafin mahaifina ya sa kafinta ya haɗa wani firam ɗin, masu ƙidayar kayan gwamnati sun bi ofis-ofis da fenti, suna rubuta lamba a jikin kowace kujera da kowane teburi. Suka juya firam ɗinmu, suka zana tasu lambar a bayan katakon nan da hotonta yake manne a ɗaya fuskar. Mahaifina ya je wurin mai kula da sito, wani dattijo ɗan ƙabilar Mumuye, abokin zamansa tun Yola, ya yi masa bayani. Mutumin ya riƙe kai.

"Malam, ni na san naka ne. Amma abin da ya ci lamba ya zama na gwamnati. Ka fita da shi a get, soja zai ce ka yi sata. Ni da kai duka za mu tafi."

Haka mahaifiyata ta zama kayan gwamnatin jiha. Aka rataye ta a ofishin darakta, saman kansa, ɗakin da ake kullewa da an tashi aiki. A zamanin nan kuwa ba mai sauke hoton gwamna daga bango haka kawai, sai in ya gaji da aikinsa.

Rana ɗaya ce ake sauke shi: ranar da aka canza gwamna. Mahaifina ya roƙa aka bar masa wannan aiki. Da aka yi zaɓe farar hula ya hau, mahaifina ya aiko aka ɗauko ni daga makaranta. Ya kwantar da firam ɗin a kan teburi, ya lanƙwashe ƙusoshin, ya ɗaga hoton sojan, sai ga ta. Ɗankwalinta a ɗaure ta gefe, hannunta ɗaya a kan ɗaya, tana kallon wani abu can bayan mai hoton. Na tsaya ina kallo har masinja ya leƙo ya ce darakta yana jira. Mahaifina ya mayar da sojan, ya ɗora sabon gwamna a kansa, ya rufe. Na ce me ya sa bai jefar da tsohon ba. Ya ce mutumin da ya taɓa riƙe jama'a ba a jefa fuskarsa a kwandon shara, ko yaya ya riƙe su.

Ba a cika shekara biyu ba sojoji suka dawo suka sallami gwamnonin farar hula. Gari ya yi tsit, manya suna magana ƙasa-ƙasa a bakin rediyo. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, wanka na yi na sa kayan sallata, na zauna ina jiran a aiko. Daga nan sojoji suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani kafin a saba da sunansa an ɗauke shi. Ina jin duk faɗin Taraba babu wanda ya kai ni son a canza gwamna. Sau ɗaya mahaifina ya kawo mai hoto ya ɗauki hoton hoton, abin ya fito kamar hayaƙi, ko idanunta ba a gani.

A shekarar da mulki ya koma hannun farar hula, mahaifina ya riga ya yi ritaya, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Na ji an rantsar da sabon gwamna, na jira, ba wanda ya aiko. Da na gaji na tafi ofishin da kaina. A saman kan darakta na ga sabon firam mai ruwan zinariya, wanda aka rabo tare da hoton. Na tambayi inda tsohon yake. Masinja ya ce tsofaffin tarkace duk suna sito tun farkon damina, kuma an ce a ƙone su.

Na sami dattijon nan a bakin sito, ya tsufa, furfura ta rufe kai.

"Yarinya, yaya babanka da jiki?" ya ce, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Da sauƙi, Baba. Firam ɗin nan na zo nema."

Ya ciro makulli. "Rufin yana yoyo, ka sani. Kar ka sa rai da yawa."

Warin ruɓaɓɓiyar takarda ya tare mu. Muka ɗaga karyayyun kujeru da tsofaffin injinan buga takardu, har muka same shi a kwance a ƙasa, gilashin ya fashe, ruwa ya kwanta a kansa. Na fara ɓare hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sojan ƙarshe ya narke, sai hularsa ake gani. Na bayansa ya manne da na bayansa, suka fito tare kamar jiƙaƙƙen burodi. Farar hular nan rabin fuskarsa ta tafi. Sojan farko gefensa kawai ya jiƙe. Na ɗaga shi a hankali, ina salati.

Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ɗankwalin yana nan a ɗaure ta gefe.

Na zauna a ƙasan siton na yi kuka sosai. Dattijon ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Oga ya ce kondem ne, a sa wuta. Abin da za a sa wa wuta ba na gwamnati ba ne kuma. Ɗauka ka kai wa Malam." Shi da kansa ya riƙo katakon ya raka ni har waje da get.

A gida na jingina ta a jikin bango, inda mahaifina zai iya gani daga kan gado. Na ba shi labarin yadda gwamnonin suka sha ruwan suka tare mata. Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, sai da na matso da kunnena.

"To, sun yi aikinsu," ya ce. Ya juya ido wurinta. "Sannu da aiki. Kin daɗe."

Bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu, idonsa a kan bangon nan.

Har yau idan na ga an jera gwamnonin jiharmu a kalanda, kowa da shekarun da ya yi, ba na iya karanta su daga farko. Daga ƙarshe nake farawa, yadda na ɓare su. Ban san me kowannensu ya yi a kan kujerar ba, masu sani su faɗa. Abin da na gani da idona shi ne, duk wanda aka ɗora a gaba, akwai fuskar wani a bayansa da bai san da ita ba, kuma in ruwa ya zubo, shi ya kamata ya fara jiƙewa.

Hoton yana ɗakina yanzu, cikin sabon gilashi. Kafinta ya so ya kankare lambar fentin da ke baya, na hana shi.