Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Baba Ma'aji ya yi yana tsaron ɗakin faifai na wani gidan rediyo, ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, mai ƙanshin tsohuwar takarda. A wancan zamani kowane faifai da kwalinsa, kowane kwali da sunan mai waƙa a gefe, da baƙar tawada, da hannunsa. Lambar da ke jikin kwali ita ce a rajista. Matarsa takan ce ko tulun ruwa ya gani babu suna a jiki, sai ya tsargu da shi.

Bayan ya yi ritaya aka kwashe waƙoƙin aka zuba a kwamfuta, ana sakinsu ta intanet. 'Yar ƙanensa, wadda kowa ke kira Injiniya, ita ta rubuta manhajar da ke kai sautin cikin wayoyin mutane, da ɗan rubutu a ƙasa mai faɗin sunan mai waƙa. Waƙa ta sauya, rubutu ya sauya. Daga rajistarsa aka kwafi sunayen. Tun ranar farko abin bai kwanta masa ba. Suna mai motsi, in ji shi, wa zai tsaya masa shaida?

Wata biyu da farawa Manaja ya aika a kira shi. 'Yar wani marigayi mai sarewa ce ta kawo ƙara, ta ga sunan wata mawaƙiya a kan busar mahaifinta. Wasu ma sun yi ƙorafi.

"Ba zarginka nake ba, Baba," in ji Manaja, yana kallon silin. "Rajistar ce ta tsufa. Za mu ajiye ta, a sake sunayen daga farko."

Baba Ma'aji ya gane. Aikin rayuwarsa ake shirin kira kuskure. Ya roƙi mako guda. A hanyar gida ya zargi Manaja, wanda ya daɗe yana sha'awar mai da ɗakin faifai ofis. Ya zargi mai buga rubutun da ya kwafi sunayen. Kafin ya kai ƙofa har Injiniya ya sa a lissafi, ya kuma ji kunyar hakan.

Ya zauna a falo da wayar matarsa, da agogon hannu, da littafin da ya ja wa layi uku da rula. Kwana biyu yana rubuta lokacin da suna ya sauya da lokacin da waƙa ta ƙare. Kullum suna yakan riga waƙa da daƙiƙa arba'in da ɗaya, ba ƙari ba ragi. Mai mugun nufi ba zai iya wannan daidaito ba. Ya kira Injiniya.

Ta duba littafin, ta dafe kai. "Baba, laifina ne. Sauti yakan ɗan taru ya jira a hanya, don kada ya yanke in sabis ya yi rauni. Shi kuwa suna ta wata hanya nake tura shi, ba ya jiran kowa. A ofis na gwada, can babu jira."

"Wato kin aika kwali ya riga faifai isa."

"Kai dai da kwali, Baba!"

Ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, ta ɗaure kowane suna a daidai gaɓar sautin da waƙarsa ta fara, su yi tafiya tare. Kafin shayinta ya huce ta gama.

Bai yarda ba tukuna, ya ci gaba da saurare. Komai ya zo daidai, sai a kwana na uku sarewa ta tashi. Ya san busar, ya san yadda marigayin yakan ja numfashi kafin ya hau sama. Daga farko har ƙarshe sunan mawaƙiyar nan ne a ƙasa, bai motsa ba. Ya je ɗakin faifai ya buɗe rajista, lamba ta ɗari shida da sha biyu. Sunan mawaƙiyar ne a rubuce, hannunsa ne, tawadarsa ce.

Da ya gaya wa matarsa, ta ce, "Malam, ka bari yarinyar nan ta gyara a ɓoye mana. Wa zai sani?"

Washegari ya ajiye rajistar a gaban Manaja, ya nuna masa lissafin daƙiƙoƙin, sannan ya nuna masa layin. A gabansa ya ɗora rula ya soke sunan, ya rubuta na mai sarewa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu.

Manaja ya daɗe yana kallon shafin. "To, rajista ta zauna. Amma irin wannan guda nawa ne a ciki?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Saura dubu biyu da ɗari uku ban saurara ba. A sa mini kujera."