Baba Gado, Mai Karanta Sawu

Duk ranar da za a yi wasa, ana idar da sallar asuba Baba Gado zai saɓi garwa biyu ya nufi tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Ya ɗebo ruwa ya yayyafa wa filin ƙwallon kwando na ƙauyenmu, ya watsa yashin kogi, ya bi da tsintsiya har ƙasa ta kwanta lumui. Da la'asar ya sake yayyafi. Baƙi kan ɗauka tsabta ce kawai. 'Yan gari sun san littafinsa yake shimfiɗawa.

Kafin ya riƙe usur, shekara ashirin ya yi yana gadin ruwa. Can ya koyi gane wanda ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, da jakin da ya rushe gaɓa, duk daga sawu. Da wani malamin makaranta ya kawo wasan nan ƙauye, aka rasa mai raba gardama, sai aka ce a ba Gado. A garin Hasahisa ya koyo dokokin, da ka, don a lokacin bai iya karatu ba.

Hukunci mafi wuya a wasan shi ne idan mai ƙwallo ya tashi sama ya yi karo da mai tsaro. Baba Gado kan ce abin ba ya da ruɗani ga mai kallon ƙasa. In mai tsaro ya kafa ƙafafunsa biyu kafin wancan ya bar ƙasa, wurin nasa ne, laifi na mai tsalle. In kuwa ya shigo bayan mutum yana sama, ba ya da ikon juyawa, laifi na mai tsaro. Jama'a na kallon ƙwallo, shi yana kallon duga-dugai. Shekara tara babu wanda ya kama shi da kuskure.

Sai shekarar 1972, wasan ƙarshe na kofi, mu da 'yan garin Rufa'a. Suna da wani dogo, Usmanu, wanda ake shirin gwadawa a ƙungiyar lardi. Muna gaba da maki ɗaya, lokaci ya ƙure. Usmanu ya taso, ya tashi sama, ya dankara ƙwallo cikin kwando da hannunsa, abin da ba a taɓa gani a filinmu ba. Maliki, mai tsaronmu, ya faɗi ƙarƙashinsa, ya karye a hannu. Usur ya yi ƙara. Baba Gado ya ce laifin Usmanu ne, ya soke cin. Kofi ya zama namu, kuma kwamitin wasanni ya ce zai dakatar da Usmanu shekara guda saboda ganganci. Gwajin lardi kuwa saura mako uku.

Dokar Baba Gado ce ba mai shiga fili sai ya fita. Da aka ɗauke Maliki, jama'a suka bi kofi, sai ya tsuguna ƙarƙashin kwando kamar yadda ya saba. Matarsa Sabuwa, da ta zo karɓar garwa, ta tarar da shi ya ƙura wa ƙasa ido. Ga inda Usmanu ya dunƙule yatsu ya tashi. Ga kuma jan ƙafar Maliki ya bi ta kai, ya shafe rabinsa. Sawun da ke sama shi ne na baya, wato Maliki ya shigo ne bayan Usmanu ya tashi.

Ta ce masa ya share su tafi, ai ƙasa ba ta kai ƙara.

Ya ce, "Sabuwa, na ɗaga kai. Tsallen ya yi mini kyau, na kalli sama kamar kowa."

Ta ce to in zai faɗa wa mutane, ya sani gobe da wuya ya samu mai amsa masa sallama, kuma ita ba za ta dafa shayin mutum goma ba don ta saya masa abokai. Sai ta kife garwa a kan sawun, kada awaki su taka.

Kafin magariba ya kira Alhaji Salihu, mahaifin Maliki, wanda gonarsu ke iyaka da tasa, ya ɗaga garwar ya nuna masa. Alhaji ya duba ya daɗe, sannan ya ce, "Gado, ɗana na kwance da karaya, kai kuma ƙasa kake tausayi?" Ya juya ya tafi.

Washegari Baba Gado ya je gaban kwamiti ya faɗi kuskurensa da bakinsa. Aka janye dakatarwar, aka sa a sake wasa, aka cinye mu da maki goma sha ɗaya. Wata biyu ana tashi daga tabarma in ya zauna. Bai fasa ɗebo ruwa ba, bai kuma roƙi kowa ba.

Maliki ne ya kashe maganar. Ran da aka kwance masa ɗori ya zo fili, a gaban mahaifinsa da kowa, ya ce lallai ya makara, ya ga Usmanu a sama sannan ya shiga. Ya ƙara da cewa shi ma tsallen ya tsaya kallo. Aka yi dariya, har Alhaji Salihu. Usmanu kuwa ya ci gwaji, ya yi wa lardi wasa shekara biyar.

Baba Gado, kai ne alƙalin da ya kama kansa alhali babu mai tuhumarsa. Kai ne ka koya mana cewa mai tsalle da mai tsayuwa kowa yana da haƙƙin wurinsa. Bana idonka ya yi rauni, ka ajiye usur. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa Sabuwa haƙuri.

Ku da kuke raba gardama, a fili ko a bakin ruwa ko a cikin gida, ku koma ku duba sawunku kafin ku share. Maliki ne ya karɓi usur ɗin. Baba Gado bai miƙa masa ba sai da ya fara miƙa masa garwa.