Allurar da ka amince da ita, Yaya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan nan, da hantsi, aka bugo mini waya cewa motarka ta kife a kwanar gangaren bayan gari, kuma kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Yaya, na ce wa mai wayar ya yi kuskuren lamba. Wa zai ce kai ne za ka tafi ta hanyar gudun mota?

Direbobin kamfanin ruwan da kake yi wa rabo Baba Sittin suke kiranka, saboda ba ka taɓa barin allurar gudu ta wuce sittin. Mu ma a gida mun sha yi maka tsiya. Ranar da ka kai ni haihuwa ina ihu a bayan mota, kai kuwa idonka na kan allura, kana ce mini in yi salati, asibitin ba tashi zai yi ba. Na yi rantsuwar ba zan ƙara shiga motarka ba. Kai ne kuma ka dawo da ni gida da jariri, ka lallaɓa kowane rami kamar ƙwai ka ɗauko.

Wannan jaririn shi ne ɗana na fari, wanda kake kira Dogo. Da mahaifinsa ya rasu, kai ka riƙe shi, ka koya masa tuƙi, ka tsaya masa har kamfanin ya ba shi 'yar'uwar motarka. Ina jin ka a tsakar gida kana nanata masa cewa jiki yana yaudarar direba, amma allura ba ta ƙarya.

Ranar uku makaniken da ya duba motar ya zo gaisuwa. Ya ja ni gefe.

"Hajiya, ajali ne, ban musa ba. Amma tayoyin da aka sa wa motar kwanan baya sun fi nata na asali girma. Manaja ya ce saboda ramuka."

Na tambaye shi me hakan ya haɗa da kai.

"Motar juyin taya take ƙirgawa. Babbar taya kuwa kowane juyi ta fi cin ƙasa. In allura ta nuna sittin, gudun ya kusa saba'in. Mitar kilomita ma ragewa take yi, shi ya sa lokacin duba birki ya wuce ba a sani ba. Na'urar birkin kanta da tsohon lissafi take aiki."

Ke nan ka shiga kwanar nan da kaya cike, hankalinka kwance, kana kallon sittin ɗinka. Ban san me ka gani a ƙarshe ba, kuma ina tsoron tunaninsa.

Tsoron da ya fi wannan, Yaya, shi ne rana ɗaya aka sauya wa motarka da ta Dogo taya. Na faɗa wa Dogo, na riƙe masa riga.

"Umma, manaja ya ce sai ƙarshen wata za a canza. In na ƙi fita wani za a ba motar. Ga iyalina, ga na Kawu yanzu."

Na ce ya tsaya a hamsin. Ya ce to, amma na ga idonsa, shi ma bai san abin da zai yarda da shi ba yanzu. Da kana nan da kai zan tura wurin manajan, don ba a taɓa mayar maka da magana ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da riƙon maraya. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da abokan aikinka, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Duk wanda ya ɗaga hannu dominka, ina roƙonsa ya haɗa da Dogo. Da safen nan ya yi lodi, kuma hanyar gangaren aka ba shi.